Amsoshin Tambayoyinku: Tafiyar 'Yan Coci Zuwa Haiti

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Takardarmu ta farko a yau daga wata baiwar Allah ta fito. Ta ce ikilisiyarsu na tara baiko don tura matasa aikin taimako na mako biyu a Haiti, ƙasar da ke yankin Karebiyan, tana so ta san ko tafiyar za ta amfani mutanen can.

To Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya. Haiti kam ta sha wuya. Ranar 12 ga Janairun 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7 ta rugurguza Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Mutum fiye da dubu 100 suka rasu, kimanin miliyan ɗaya da rabi suka rasa matsuguni. Hatta babbar majami'ar Katolika ta birnin ta rushe, Akbishop Joseph Serge Miot ma yana cikin mamatan. Ba a gama farfaɗowa ba, wata girgizar ta sake afka wa kudancin ƙasar a Agustan 2021, ta kashe sama da mutum 2,200.

Amma Malama, niyya mai kyau kaɗai ba ta isa ba, Haiti kuwa shaida ce. Makonni kaɗan bayan girgizar 2010, an kama wasu Amurkawa goma 'yan Baptist a kan iyaka, za su tsallaka da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba takardun izini. Sun ce marayu suke ceto. Da aka bincika, sai ga shi yawancin yaran iyayensu na raye, talauci ne ya sa suka miƙa su. Duk lokacin da na tuna iyayen nan sai zuciyata ta sosu.

Shawarata ita ce ku fara rubuta wa ikilisiyar da za ta karɓe ku, ku tambayi fastonta abin da suke bukata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan likita ko nas suka nema, ku tura musu. Idan kuwa gini ne, akwai magina da kafintoci a can da ke neman abin yi, kuma kuɗin jirgin matasanku zai biya su ladan aiki su ciyar da iyalinsu. Sannan duk wanda zai je ya ɗan koyi Kiriyol, harshen da kowa ke ji a ƙasar.

Wani mai sauraro kuma ya tambayi batun tsaro. Malam, akwai haɗari sosai. A Oktoban 2021 'yan daba sun sace 'yan mishan 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries, ciki har da yara biyar, sai a watan Disamba na ƙarshensu suka kuɓuta. Kada a sayi tikitin kowa sai an ji ta bakin masu masaukin.

Bari mu buɗe takarda ta gaba.