Amsoshin Tambayoyinku: Gungu, Kwana da Duwatsun Kogin Kwara

Assalamu alaikum masu sauraro. Wasiƙu uku muka zaɓo wannan makon, dukansu a kan kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Isa.

Ta farko daga wani manomin shinkafa ne a Gaya. Yana tambaya, ta yaya aka gane tsibirin Lete na Nijar ne, alhali ruwa ya kewaye shi ta ko'ina?

To malam, tsibirin kogi iri biyu ne. Akwai na dutse, wanda ruwa ya iske ya kasa ci, sai ya rabu biyu ya bi ta gefensa. Akwai kuma na yashi da laka, wanda kogin ya haifa da kansa. Inda ruwa ya rage gudu, nan yake sauke abin da ya ɗauko. Da farko tudun yashi ne da ke leƙowa da rani, sai ciyawa ta kama, saiwarta ta riƙe laka, a kwana a tashi har a yi shuka a kai. Irin wannan tsibiri tafiya yake yi: kansa da ke fuskantar ruwa yana cinyewa, wutsiyarsa tana ƙara tsawo. Hannun kogin da ke da zurfi bana yana iya cikewa bayan wasu shekaru, kuma daga nan rigimar iyaka ke tasowa.

Lete ya kai murabba'in kilomita 40, makiyaya Fulani sun daɗe a cikinsa, kuma tun samun 'yancin kai a 1960 ake jayayya a kansa tsakanin Nijar da Dahomi, wato Benin ta yau. A ranar 12 ga Yulin 2005 Kotun Duniya ta yanke cewa iyakar tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage, kamar yadda take a 1960. Wannan layi ta ɓangaren Benin ya bi, sai Lete ya faɗo Nijar. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16, Benin 9. Tsayar da iyakar a kan yadda kogin yake a shekara guda da aka yi shi ne ya kashe bakin tsanya, don da an bar iyaka ta bi kogi duk inda ya karkata, da shari'ar ba ta ƙare ba.

Ta biyu daga wani matuƙin kwalekwalen inji a Yawuri. Ya ce me ya sa a kwana, wato inda kogi ya lanƙwasa, jirgi ya fi kafewa?

A kwana, ruwa mai ƙarfi gaɓar waje yake bi. Yana ƙwaƙule gindinta har saman ya rufto da itatuwan da ke kai, shi ya sa gaɓar waje take tsaye kamar bango kuma ƙarƙashinta zurfi. Gaɓar ciki kuwa yashi ne shimfiɗe. Mai yanke kwana don rage mai, kan yashin nan yake hawa. Wanda kuma ya manne da gaɓar waje, kututturen da suka nutse ke jiran farfelarsa. Sai ka bi ɓangaren waje amma ka bar rata.

Wurin da ya fi yaudara shi ne tsakanin kwanoni biyu, inda zurfin ke tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Nan ruwa ya fi ƙaranci ko da a tsakiyar kogi ne. Ka rage wuta, yaron jirgi ya tsaya a goshi yana gwadawa da gora. Ruwa mai duhu kwance lumui zurfi ne. Mai ƙananan kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa, yashi na kusa. In ka ga ruwa ya tsage biyu a wuri guda bai gusa ba, akwai dutse ko icce a ƙasa. Ka tuna kuma cika biyu muke samu: farin ruwa na daminarmu, daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ke ɓoye komai, da baƙin ruwa da ke tasowa daga Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso mana cikin hunturu garai-garai. Bayan kowace cika tudun yashi na iya sauya wuri, don haka hanyar bara ba lallai ta ɓulle ba.

Kwanonin da ke tsakanin Yamai da Gaya, masu siffar harafin W, daban suke. Dutse mai tauri ne ya tilasta wa kogin bin tsagoginsa, kuma daga gare su gandun dajin W da aka kafa a 1954 ya sami suna.

Ta uku daga wata malamar makaranta a Jabba. Tana so ta san ko a garinsu Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, ya mutu, tunda a nan aka gina masa hasumiya.

Malama, a duwatsun Busa ya halaka a 1806, kuma wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji. Da aka kammala madatsar a 1968, a kan tsibirin da ta ci sunansa, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka tayar da mutane wajen 44,000. Cikinsu akwai Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya fito, kalmar da muke kiran tsibiri da ita.

Abin da ya faru a Jabba kuwa shi ne, a 1857 wani jirgin ruwa mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da babban dutsen nan da ke tsaye cikin kogi, wanda ake kira Juju, Baikie, Baturen da ya jagoranci tafiyar, da Ajayi Crowther, mai wa'azin Kirista, suna ciki, suka tsira amma jirgin ya tafi. Tsibirin garin naku kuma shi ya sauƙaƙa wa masu aikin dogo, suka ɗora gada kashi biyu a kansa, jirgin ƙasan Legas zuwa Kano ya daina jiran fito.

Masu sauraro, sai wasiƙunku na mako mai zuwa.