Sharhi: Horon malaman jami'a, rabi a aji rabi a intanet

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020 ake ta kiran malaman jami'a su iya koyarwa ta intanet. A nan Sakkwato, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har Jami'ar Jiha, abin tambaya shi ne yadda za a yi horon ya zauna a hannu.

Mu a ganinmu, a fara da zaman gaba da gaba na kwana 2 a ɗakin kwamfuta, kada su wuce mutum 20 ga mai horarwa ɗaya. A nan kowa zai buɗe shafin kwas ɗinsa a Moodle ko Google Classroom, wato manhajojin koyarwa ta intanet, ya ɗora takardar darasi, ya haɗa ɗan gwaji mai tambaya 10. In aka bar wannan mataki ga intanet, babban malamin da ya manta kalmar sirrinsa ranar farko kunyar tambaya zai ji, daga nan ba a sake ganinsa.

Sai mako 4 zuwa 6 a intanet, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Akan tara mutane a Zoom, manhajar taro ta bidiyo, awa biyu, alhali na kyauta yana katse taro bayan minti 40. Ga data na zuba, ga wuta ta ɗauke, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya sa waya ba ta riƙuwa. Gara a yanka darasin gunduwa-gunduwa: bidiyon minti 6 zuwa 8, a rage masa nauyi, a haɗa da sautin murya da rubutu. Manhajar Moodle ta waya tana bari a sauke darasi a duba ba tare da intanet ba, don haka malami ya sauke a harabar jami'a, ya bi shi a gida bayan sallar isha'i. Haɗuwar kai tsaye, sau ɗaya a mako ta wadatar, don amsa tambayoyi.

Kada a sa horon lokacin duba takardun jarrabawa, ba wanda zai leƙa.

Takardar shaida kuwa, kada a bayar don halarta kawai. Sai malami ya koyar da ɗalibansa darasin mako guda ta shafin da ya gina, wani abokin aikinsa daga sashen ya shiga a matsayin ɗalibi, da waya, ya tabbatar kowane fayil yana buɗewa.