Rajasthan: Ganuwoyi da Fadoji a Hamadar Indiya

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya sha ganin irin wannan hoto: ƙatuwar fada a kan dutse, raƙuma na wucewa a gindinta, ga maza da rawuna launi-launi. Sau da yawa Rajasthan ce ake nuna mana, jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Indiya, can arewa maso yamma, bakin iyaka da Pakistan. Hamadar Thar ta mamaye yammacinta. To, me ya kai sarakuna gina irin waɗannan gidaje a inda ruwan sha ma sai an sha wuya?

Amsar tana Jaisalmer. A shekarar 1156 wani sarki mai suna Rawal Jaisal ya kafa birnin a kan tudun Trikuta, kuma fatake ne suka raya shi. Ayarin da ke kai da komo tsakanin Indiya da Farisa da tsakiyar Asiya a nan yake yada zango, sarki na karɓar kuɗin fito. Wanda ya san abin da ayari ya yi wa Agadas ba ya bukatar dogon bayani. Da dutse mai ruwan ɗorawa aka gina ganuwar, hasumiyoyinta 99, kuma idan rana ta doshi faɗuwa sai ka rantse da zinariya aka shafe ta. Attajiran garin ma ba su zauna haka ba. Ku dubi Patwon ki Haveli, gidaje biyar a jere da wani ɗan kasuwa ya fara ginawa 'ya'yansa a 1805. An sassaƙa dutsen tagoginsu har ya koma kamar aikin allura a wuyan babbar riga.

Daga baya jiragen ruwa suka karkatar da ciniki zuwa tashar Bombay, sannan aka raba Indiya da Pakistan a 1947, hanyar ayari ta toshe. Yau baƙi masu yawon buɗe ido ne abincin garin.

Abin da ya fi taɓa ni a Jaisalmer shi ne har gobe akwai dubban mutane da ke zaune a cikin ganuwar, da shagunansu da wuraren ibadarsu. Amma wannan alheri ya zo da ciwonsa. An gina wurin ne a zamanin da mata ke ɗebo ruwa da tulu daga tafkin Gadisar, kowane ɗigo ana tattalinsa. Yanzu ga famfo, ga otal-otal, ga banɗakuna. Ruwan da ake zubarwa yana tsiyaya cikin tudun, harsashi na jiƙa, har wasu sassan bango sun taɓa ruftawa. Ginin da ya jure yaƙi da fari, ruwan famfo ke neman kayar da shi. Saboda haka idan Allah Ya kai ku, ku kama masauki a wajen ganuwa, ku shiga da rana ku sha kallo.

Sai Jodhpur. A nan Sarki Rao Jodha ya aza harsashin gidan sarauta na Mehrangarh a 1459, a kan dutsen da ya ɗara gari da mita 120 ko sama da haka. A jikin ɗaya daga cikin ƙofofinsa har yanzu ana ganin tabon harsasan igwa na dakarun Jaipur. Daga sama kuwa, tsohon gari ne shimfiɗe, gidaje shuɗi-shuɗi kamar an tsoma su a marina. Wasu na cewa alamar gidajen Brahmin ce, wato malaman addinin Hindu, wasu kuma na cewa don sanyi ne da korar gara. A ɗaya gefen garin akwai fadar Umaid Bhawan mai ɗakuna 347, wadda aka fara a 1929 aka gama a 1943. Fari ne ya addabi talakawa, sai Sarki Umaid Singh ya ƙirƙiro aikin domin su samu abin sakawa a bakin salati. Yanzu wani ɓangare otal ne, wani gidan tarihi, wani kuma zuriyarsa ke ciki.

Jaipur, babban birnin jihar, kowa na zuwa, don haka ba zan daɗe a kai ba. An kafa shi a 1727, aka shafe shi da launin ruwan hoda a 1876 don tarbar Yariman Ingila. Kada dai ku wuce fadar Hawa Mahal, mai ƙananan tagogi 953, inda matan fada ke leƙen titi ba tare da an gan su ba. Fadar Amber da ke kusa tana cikin ganuwoyi shida na jihar da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, tare da ta Jaisalmer. Mai sha'awar ziyara kuma ga garin Ajmer, inda hubbaren Shehu Mu'inuddin Chishti yake.

Batun lokaci, ku tsara tafiyarku tsakanin Oktoba da Maris. Bazarar wurin ba ta wasa: a watan Mayun 2016 zafi ya kai digiri 51 a garin Phalodi. Abinci kuwa ba zai yi muku baƙunta sosai ba, domin gero ne cimar mutanen hamadar, suna gasa gurasarsa su ci da man shanu.

Kuma ku ware dare guda don tuddan rairayi na Sam, kimanin kilomita 40 daga Jaisalmer. Ana zuwa da la'asar, a hau raƙumi a kalli faɗuwar rana, makaɗan gargajiya da ake kira Manganiyar su raba dare suna waƙa. Ku riƙe bargo, don sanyin asubar wurin sai ya tuna muku da hunturu.