Maganaɗisun da ya rasa tsayayyar matsaya: lacca ga ɗaliban fiziks a Katsina

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, sannunku da haƙuri.

A cikin wasu ma'adinai, kowane atam ƙaramin maganaɗisu ne da ke son ya juya wa maƙwabcinsa baya: in wannan ya dubi sama, wancan ya dubi ƙasa. In su biyu ne, ba rigima. To a jera uku a kusurwoyin alwatika mu gani. Kamar maigida ne ya kawo atamfa kala biyu ga mata uku, kowacce kuma ta rantse ba za ta yi anko da kishiya ba. Dole biyu su haɗu a kala ɗaya, kuma hanyoyi 6 ake da su na rabon, babu wadda ta fi wata. Tun 1950 wani masanin fiziks, Wannier, ya nuna da lissafi cewa irin wannan jeri na alwatika ba ya samun tsari guda, ko da an sanyaya shi iyakar sanyi.

Yanzu a kawo maganaɗisu daga waje. Da yawanku za ku ce ai shi ke nan, kowa zai miƙe ya bi shi sannu a hankali. Ba haka abin yake ba, kuma nan ne daɗinsa.

A ɗauki ma'adinin Dy2Ti2O7, wanda ake kira ƙanƙarar maganaɗisu. Atam ɗinsa masu maganaɗisu na zaune a kusurwoyi huɗu na ƙananan dala masu haɗe da juna. Dokarsu: a kowace dala biyu su dubi ciki, biyu su dubi waje, kuma nan ma hanyoyi 6 ake da su na cika dokar. Wannan ita ce dokar da masanin kimiyya Pauling ya yi amfani da ita a 1935 kan ƙanƙarar ruwa, kuma a 1999 Ramirez da abokan aikinsa suka auna ragowar hargitsin wannan ma'adini, wato rashin tsarin da ke saura bayan an sanyaya shi, ya zo kusa da lissafin Pauling. Ana wannan aiki ne a ƙasa da kelbin 1, wato wajen digiri 272 ƙasa da sifiri. Mu da ke kukan hunturun Katsina sai mu yi shiru.

In ka saito ƙarfin maganaɗisun waje ta gefen kristal ɗin ma'adinin, cikin zaɓi 6 guda ɗaya ke cin riba, hargitsi ya ƙare. In kuwa ka saito shi ta tsinin dalar, atam ɗaya kaɗai yake ƙullewa a kowace dala. Sauran ukun na da zaɓi 3, don haka ma'adinin ya zama faifai-faifai, kowane faifai da nasa hargitsin. Kana ƙara ƙarfi, awon maganaɗisun ma'adinin na tsaye cak. Sai an kusa tesla 1 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) dokar ke karyewa farat ɗaya, a koma uku ciki ɗaya waje, ko akasin haka.

Wata ɗaliba ta tambaya: “Malam, me ya sa yake tsalle haka?” A 2008 Castelnovo, Moessner da Sondhi suka ba da amsa. Duk dalar da ta karya doka tana aiki kamar kan maganaɗisu guda, arewa ba kudu, ko kudu ba arewa. Masu saɓani, wato arewa da kudu, suna jan juna, sai su taru lokaci ɗaya kamar yadda tururi ke komawa ruwa.

Saboda haka ranar jarrabawa, duk wanda ya rubuta min ƙarfin maganaɗisu bai faɗi ta inda ya saito shi ba, rabin maki ne nasa. Mu tashi, an kira la'asar.