Amsoshin Tambayoyinku: Shin Nadiya sunan Rashawa ne?

Masu sauraro, tambaya ta gaba ta fito ne daga wata baiwar Allah a Damagaram. Ta ce an raɗa wa jikanyarta suna Nadiya, sai ta ji ana cewa wai sunan Rashawa ne. Tana so a warware mata asalinsa da ma'anarsa.

To Hajiya, Allah ya raya. Sunaye biyu ne suka yi kama a baki, amma ba gidansu ɗaya ba. Nadiyar da ake sa wa yara a ƙasar Hausa daga Larabci take, ana danganta ta da raɓa da taushi da sakin hannu.

Ta Rashawa kuwa sunan gida ce. Cikakken sunan shi ne Nadezhda, ma'anarsa fata, wato sa rai da alheri. A gida sai a gutsure shi a ce Nadya, kamar yadda Hadiza kan koma Dije a wurinmu.

Ta hanyar coci sunan Nadezhda ya shiga ƙasar Rasha. Kiristocin Orthodox, ɗarikar da cocin Rasha ke bi, suna da labarin wata mata, Sofiya, da 'ya'yanta mata uku da aka ce an kashe a birnin Rum saboda addininsu, zamanin Sarki Hadrian a ƙarni na 2. Da Girkanci sunayen 'yan matan su ne Pistis da Elpis da Agape. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, yawancin sunayen waliyyai Rashawa sun karɓe su ne yadda suka zo, amma waɗannan ukun sai aka juya su zuwa harshen Slab, wato dangin harsunan da Rashanci ke ciki: Vera, imani, Nadezhda, fata, Lyubov, ƙauna. Na uwar, mai nufin hikima, aka bar shi yadda yake. Har yau cocin Rasha na tunawa da su kowace 30 ga Satumba, kodayake sai a ƙarni na 18 sunayen suka yaɗu sosai a ƙasar.

Mutanen Sabiya da Kuroshiya kan ce Nada, 'yan Yukren su ce Nadiya. Matar Lenin shugaban Tarayyar Sobiyet, Krupskaya, Nadezhda ce, haka ma matar magajinsa Stalin ta biyu da ta rasu a 1932. Amma wadda ta fi kai sunan duniya ita ce Nadia Comaneci ta Romaniya, yarinya 'yar shekara 14 da ta fara samun maki 10 cif a wasan lanƙwasa jiki a gasar Olamfik ta Montreal, a 1976. Harshen Romaniya ba na Slab ba ne, su ma aro suka yi daga maƙwabta.