Gidan Tarihin Jos: Inda Ya Kamata a Tsaya da Yara

Gidan tarihin da ke tsakiyar birnin Jos an buɗe shi ne a shekarar 1952, kuma wanda ya yi tsayin daka wajen kafa shi wani Bature ne masanin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, Bernard Fagg. Iyalin da suka zo da yara sukan yi ƙoƙarin zagaye ko'ina cikin gaggawa, alhali wurare biyu ne suka fi cancantar a daɗe a cikinsu.

Na farko shi ne wurin da aka ajiye mutum-mutumin Nok. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe na gasasshen yumɓu a 1928, kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna a yau. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kai daga yankin Jama'a, wanda aka daɗe da kafa shi a gonar doya domin ya razana masu ɓarna, ba tare da an san cewa ya haura shekara dubu biyu ba. Wannan labari yana kama hankalin yara nan take. Daga nan sai a ce su matso su dubi idanun da kyau: suna da kusurwa uku, an huda ƙwayar idon, haka ma hanci da baki. Ramukan sun taimaka wa iska da tururi su fita lokacin gashi, don kada yumɓun ya fashe. Gyaran gashin kansu kuwa, da tukkaye da duwatsun wuya, yana nuna cewa mutanen suna da ado da gwaninta. Mutanen Nok kuma sun san narka ƙarfe.

Zauren tukwane yana kusa, cike da tuluna da randuna daga sassan Najeriya daban-daban. Ana iya wuce shi a taƙaice, ko da yake yaron da ya tashi da firji zai amfana idan aka bayyana masa yadda randa ke sanyaya ruwa.

Wuri na biyu yana waje, wato sashen gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da girmansu na ainihi. Shi masallacin na asali Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina shi a ƙarni na 19. A nan yara ba ta bayan gilashi suke kallo ba. Idan suka ɗaga kai za su ga bakan gizo na laka da azara yana riƙe da rufin ba tare da siminti ko rodi ba, sai uba ko uwa su tambaye su abin da ya hana shi ruftawa.

Akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na zamanin jigilar kuza, sannan gidan namun daji yana maƙwabtaka da harabar. Gara a bar shi sai ƙarshe, domin yaron da ya fara da kallon birai ba zai sake sauraron bayanin yumɓu ba. Idan lokacin hunturu ne a taho da rigunan sanyi, kuma a nemi izinin ma'aikata kafin a ɗauki hoto.