Jarin adashe da kwalbar yaji: jawabi a taron ƙungiyarmu na Manchesta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, ranka ya daɗe, iyayenmu mata da ke sahun gaba, malamanmu, yayye da ƙanne, barkanmu da war haka. An ba ni minti goma, kuma na hango Ma'aji yana duba agogo tun ban fara ba, don haka zan taƙaita.

An ce in yi magana kan yadda mutum zai fara 'yar sana'ar abinci a ƙasar nan da ɗan abin da ke hannunsa. Ni dai ba ƴar boko ba ce a harkar, mai yaji ce. Yawancinku kun ci yajina a gidan suna ko ranar Sallah, wasu kun biya, wasu kuma har yanzu muna jiran Allah Ya hore.

Da kwasar adashe na fara, fam 150. Na sayi sikeli na kicin, da ƙaramin injin niƙa, da kwalabe masu murfi, sauran na zuba a barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba daga shagunan Cheetham Hill. Da gangan na zaɓi yaji. Busasshen abu ne, ba ya neman firij, in bai ƙare wannan makon ba zai jira na gaba. Wata ƙawata ta fara da zoɓo da kunun aya a lokaci guda da ni, kuma kowa ya san kunun aya ba ya da haƙuri, kwana biyu ya juya. Duk ranar da ciniki bai yi ba, a sinki jarinta yake ƙarewa. Mai ƙaramin jari ya kama abu ɗaya wanda ba ya saurin lalacewa, yaji ne, ƙuli-ƙuli ne, alkaki ne ko dubulan, ya riƙe shi har hannunsa ya faɗa.

Wata shida na farko a ɓoye na yi, ina tsoron kansil, wato ƙaramar hukuma, kamar mai sayar da kayan sata. Ashe ganin kitse nake wa rogo ta baibai, abin da nake gudu ba komai ba ne. Doka ta ce ka yi rajista da kansil ɗin unguwarku aƙalla kwana 28 kafin ka fara sayarwa, ko da a kicin ɗin gidanka kake yi. Kyauta ne, a intanet ake cike fom ɗin, kuma ba a hana mutum rajistar. Bayan nan jami'in tsafta zai zo ya duba, ya ba ka maki daga 0 zuwa 5. Wadda ta zo gidana ta buɗe firij, ta leƙa ƙarƙashin sinki, ta tambaye ni inda nake wanke hannu da inda nake ajiye gyaɗa, sannan ta ce in nuna mata littafin da nake rubuta abin da na yi kullum. Ba ni da shi. Ita ce ta nuna mini kundin hukumar abinci ta FSA mai suna Safer Food, Better Business, wanda ake saukewa kyauta. Ku sauke shi tun kafin a ƙwanƙwasa muku ƙofa. Kwas ɗin tsaftar abinci na mataki na 2 ma a yini ɗaya ake gama shi a waya, kuɗinsa bai kai na cefanen mako ba. Wanda ke gidan haya ya nemi iznin mai gida a rubuce.

Yanzu maganar da ta fi damuna, ita ce gyaɗa. A gida wa ya taɓa tambayar mai tsire me ke cikin yajinsa? Nan kuwa akwai yaran da ɗan ƙurar ƙuli-ƙuli kan iya rufe musu maƙogwaro cikin mintuna, kuma har da ƴaƴanmu da aka haifa a nan. Abubuwa 14 doka ta lissafa waɗanda dole a bayyana su, a ciki akwai gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da alkama da waken soya. Ku duba kicin ɗin Bahaushe ku gaya mini wanne ne babu. A 2016 wata yarinya ƴar shekara 15 mai suna Natasha ta rasu bayan ta ci burodin da ta saya a filin jirgin Heathrow, akwai riɗi a ciki ba a rubuta ba. Dalilinta aka yi dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta ce abin da ka ƙunshe kafin mai saye ya zo, sai ka rubuta duk abin da ke cikinsa. Takardar jikin kwalbata tana ɗauke da sunan abin, da kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, da nauyi, da ranar da ya kamata a ce an cinye, da adireshina, kalmar gyaɗa kuma da baƙin rubutu mai kauri. Har dunƙulen da kuke zubawa ku juya bayan kwalinsa ku karanta, wasu akwai soya ko alkama a ciki.

Masu sa ran Hajiya za ta taho musu da kilishi a akwati su sayar, ku cire rai. An hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu a kayan matafiyi, ƙwacewa za a yi. Ɗalibanmu kuma, bizar karatu ba ta yarda da sana'ar kai ba, kada kwalbar fam 5 ta jawo wa mutum asarar digiri. Haraji kuwa, in cinikinka na shekara bai wuce fam 1,000 ba, akwai rangwamen da hukumar haraji ta HMRC ta yi, in ya wuce sai ka yi rajista da ita.

Amma in gaya muku gaskiya, ba kansil ce ta kusa karya ni ba, ku ne. Shekarar farko na zauna da biro na ga kaya suna fita, kuɗi ba sa shigowa. Kashi ɗaya laifina ne: ina lissafa barkono da citta, ina mance kwalba da takarda da wuta da man motar kai kaya Moston, ga awa uku da na yi ina atishawa a kicin ban sa musu farashi ba. Ɗaya kashin kuwa kunya ce. "Anti, a ba ni biyu, zan turo." "Haba ƴar uwa, ni ma sai na biya?" Bashi hanji ne, na sani, yana cikin kowa, amma jarin fam 150 ba shi da hanjin da zai ɗauki na mutum goma. Ranar da na buɗe wa sana'ar asusunta daban, na kuma koyi cewa "turo tukuna, Yaya" ina murmushi, ranar na fara ganin riba. Wadda ta yi fushi ta daina gaishe ni wata biyu, yau ita ce ke sayen kwalba shida duk azumi.

Roƙona ga shugabanni ɗaya ne. Adashen da muke yi don biki da tafiya gida, a ware layi ɗaya na masu son kama sana'a, ba ruwa ba riba, a kuma ba su teburi a taron Sallah su baje kayansu.

Na ajiye kwalabe a teburin baya kusa da shayi, kowa ya ɗanɗana, amma iyaye ku kula da yara, akwai gyaɗa a ciki. Wanda ke son mu cike fom ɗin kansil tare ya same ni bayan Magariba, na zo da kwamfuta. Ma'aji, ga makirufonka. Wassalamu alaikum.